Dawar Bara

Baba Kanta ya tofa ƙwayoyin dawar a tafin hannunsa, ya kai hanci ya shinshina, sannan ya goge hannun a gefen tabarma.

"Da magani cikinta. Maida musu abinsu."

Ɗansa Sa'idu yana durƙushe a bakin ƙofa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Tun daga kasuwar Ɗan Issa ya ɗauro buhun nan a bayan moto, wato babur, cikin tsakar rana.

"Baba, mai hatsin ya rantse mini da Allah babu komi ciki."

"Shi ya rantse, ni na tauna. Ƙwayar maganin ƙwari anka jefa a buhun, ga ɗacinta nan bisa harshena. In ka ba Gunya wannan, guba ka ba shi."

Sa'idu ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa, don ban ga abin da zai sa in tsoma baki tsakanin ɗa da uba ba. Buhu na uku ke nan da tsohon ya kora cikin sati ɗaya. Na farko ƙwari sun cinye cikinsa sai ɓawo, na biyu kuma warin danshi yake yi. Sa'idu ya saɓi buhunsa ya fita yana ƙunƙuni, na ji ya tayar da moton da ƙarfi.

Sunana Rakiya. Darnin kara ɗaya ne ya raba gidana da nasu a Madarumfa, a layin da ke gangarawa tabki. Tun da mijina ya rasu nake surfe ina sayar da dusa, kuma shekara da shekaru ta kan darnin nan nake miƙa wa Baba Kanta dusar dokinsa. Gunya shi ne dokin, ingarma mai launin fura, dogo, marar tumbi, wanda aka kiwata don sukuwa kawai. Baba Kanta ya ƙare ƙuruciyarsa yana hawan dawakan masu hali a filin sukuwa, ya shiga tsufa yana kiwata musu, sai daga ƙarshe ya sayar da gonarsa ta fadama ya sayi duƙushi nasa na kansa. Bara Gunya ya zo na biyu a sukuwar bayan kaka a Maradi, da tsawon wuya kawai aka riga shi. Bana tsohon ya ce sai na ɗaya, kuma yana so ya ji labarin da kunnensa kafin a ɗauke shi. A ranar da nake ba ku labari saura kwana ashirin da biyar a yi sukuwar.

Maganar a ɗauke shi ba wasa yake ba. Tun farkon damina wani abu ya tsiro masa a maƙogwaro. Tuwo ya daina wucewa, daga baya fura ma ta daina. Sa'idu ya kai shi Maradi, likitoci suka duba, suka rubuta ordinans, takardar sayen magani, suka ce a koma gida a lallaɓa shi. Duk wanda ya ji haka ya san abin da ake nufi. Abu ɗaya ya rage da ke zama a cikinsa, shi ne kunun kaura, dawar nan mai ja da suka noma bara, wanda matarsa Inna Inde ke tacewa sau biyu har ya tsinke kamar ruwa. Ita wannan kaurar kuma ita ce abincin Gunya.

Da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa sai aka rasa mai ba doki abinci. Sa'idu kullum yana kan hanya da moto, ga shi Gunya ya taɓa cizonsa a kafaɗa. Sama'ila mahayi, wanda zai hau shi ranar sukuwa, sai da yamma yake zuwa ya zagaya da shi bakin tabki. Inna Inde kuwa ta ce shekara arba'in da biyar tana share kashin doki, amma ba ta taɓa sa hannu a daronsa ba, kuma ba za ta fara da furfura ba. Sai ni, da dokin ya san warin dusa a jikina. Matan unguwa suka samu abin yi. In na doshi famfo sai in ji ana cewa, "Ku matsa, ga sarkin barga nan tahe." Na ce su yi ta yi, bakinsu ne.

Kai, na sha faɗa a aikin nan! Mutum yana kwance, murya ta dishe, amma ba abin da ke wuce shi, don ɗakinsa bango ɗaya ne da barga. Harawar wake sai wadda ta bushe a inuwa ganyenta bai zube ba, kuma sai na kawo masa ya shinshina kafin in zuba. Ciyawar burgun da masunta ke yanko mana a tabki sai ta sha iska wuni guda. Ruwa kafin hatsi, ba a bayansa ba. Kanwa abin da yatsa biyu suka ɗauka, a cikin dusa, Litinin da Alhamis. Wata rana na zuba ruwa bayan hatsi don ina sauri, daga cikin ɗaki ya ji ƙarar bokiti, ya yi mini tatas har Inna Inde ta ce masa ya ji tsoron Allah, ba baiwarsa ba ce.

Maganar hatsi kuwa da haƙorina ya koya mini. Ya sa aka kawo masa ƙwaya biyu ya miƙo mini.

"Tauna wannan."

Na tauna, ta ce ƙas.

"Tauna waccan."

Haƙorina ya nutse a cikinta ba ƙara.

"To kin ji. Ta farin ta kwana rumbu shekara guda, ta huce. Ta biyun shekaranjiya anka yanke ta, da ruwa cikinta. In ta shiga cikin doki tashi take kamar ƙullu. Kuma doki ba shi amai, Rakiya. Abin da ya shiga ya shiga."

Ranar da aka kori buhu na uku, ni da Inna Inde muka shiga rumbu muka share shi ƙwal. Muka sheƙe, muka auna da tiya, kwanon awon hatsi. Tiya bakwai. A kasuwa kuwa tsohuwar dawa ta ɓace, ƙarshen damina ne, kowa ya cinye tasa yana jiran sabuwa. Muka je muka faɗa masa. Ya rufe ido yana motsa yatsu, ya daɗe.

"Ta isa," ya ce. "Rakiya, dawar da kinka yanke a gonarki, ki baza ta rana. Kullum ki zuba mishi tsohuwa, ki yayyafa sabuwa tafi ɗaya. Bayan kwana uku tafi biyu. A hankali har cikinshi ya saba. Kahin tsohuwar ta ƙare, sabuwar ta sha rana."

"Kunun naka fa?" in ji Inna Inde.

"A dama mini gero."

"Sabon gero? Kai da ko na bara ba ka riƙewa?"

"Na ce a dama mini gero, Inde. Ƙwaya ɗaya ta kaurar nan kar ta sake shiga turmi."

Ta ja tsaki ta fita. Ba ta taɓa yi masa tsaki a gaban mutane ba sai ranar.

Aka dama masa gero. Ludayi biyu ya sha, na uku ya dawo da su duka. Da rana aka sake, da yamma aka sake. Ina ta nawa gidan ina surfe ina jin kakarinsa ta cikin darni, har in dakata da taɓarya sai ya lafa. Kwana uku ana haka. A rana ta uku da na shiga in nuna masa harawa, bai iya ɗaga hannu ya karɓa ba, sai ni na kanga masa a hanci. Leɓɓansa sun tsage, idanunsa sun faɗa. Ya shinshina ya gyaɗa kai. Ina fitowa na tarar da Gunya yana sheƙi a rana, wuyansa a tanƙware, yana buga ƙafa yana jiran daro. Wallahi a lokacin na ji haushin dokin nan har cikin raina.

Da hantsi washegari Inna Inde ta zagayo gidana. Ba ta yi sallama ba. Ta zauna a kan turmin da na kife, ta kama haɓar zanenta tana murzawa.

"Rakiya, nawa ta rage?"

"Tiya huɗu, Inna."

"Ba ni ita."

"Inna, kin ji abin da ya ce."

"Na ji. Shekara arba'in da biyar nike jin abin da ya ce. Ya ce a saida fadama, na ji. Yanzu ya ce in zauna in zuba ido yunwa ta kashe shi don dabba ta yi gudu, wannan kam ban ji ba."

"To mu raba. Ki ɗau ɗaya, in ci gaba da uku."

"In ɗayar ta ƙare in ba shi mi? Kin san in na tace sau biyu rabi ke tahiya a tsaki. Huɗun nan sai su kai shi wata guda, wataƙila da ɗori. Doki ko cikin kwana huɗu ya gama da su." Ta ɗago ta dube ni, hawaye na bin tsagar fuskarta. "Ke kin binne miji, kin san yadda ɗaki ke zama. In naki ne kwance, wa za ki ba?"

Maganarta ta shige ni. Kuma gaskiya, in ban ɓoye muku ba, a raina ina ganin tsohon ya cika tsanani. Jakunan unguwa suna cin sabuwar dawa a bakin masussuka ba abin da ke samunsu. Dawata ta yi kwana huɗu a shanya, duk da hadari ya hana rana sosai, amma ai ta sha iska. Na shiga na ɗauko ɗan buhun kaurar, don da ma a wurina ake ajiye shi, na ɗora mata a ka. Ta bi ta bayan gida ta shige da shi ɗakinta.

Na debi sabuwar dawa na kai barga. Na auna abin da aka saba ba shi, na zuba. Gunya ya sa baki ya shinshina, ya ɗago ya dube ni. Sai tausayinsa ya kama ni, na ga na ƙwace masa abincinsa. Don in wanke laifina sai na ƙara masa rabin tiya a kai. Wannan rabin tiyar har yau ina ganinta a hannuna.

Ina nan tsaye a bakin ƙofa lokacin da Inna Inde ta kai masa kunun. Ta sa tsamiya da yawa don ta ɓoye launi da ɗanɗano. Ta tallafo kansa ta kanga ludayi. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, idonsa a rufe. Ya daɗe haka. Sai na ga maƙogwaronsa ya motsa da ƙyar. Ya buɗe baki, ta sake ba shi. Ya sha ludayi bakwai, kuma ba abin da ya dawo. Muka haɗa ido da Inna Inde, ta kawar da kai da sauri.

Kwana biyu kawai muryarsa ta fara dawowa. Har ya tsokane ni ya ce in Gunya ya ci na ɗaya zai sa a ɗora ni a kansa a zaga da ni kasuwa. Ya sa aka kira Sama'ila ya yi masa bayanin yadda zai riƙe linzami a kwanar ƙarshe. Inna Inde ta wanke zannuwanta, ta yi kitso. Ni kuma na matsar da daron doki can bayan rumbu, nesa da bango.

"Rakiya," ya kira ni a rana ta uku, "kwana biyu ban jin ƙarar haƙorin Gunya."

"Na maida daron inuwa ne, Baba Kanta. Rana na dukanshi a nan."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya juya fuska bango.

"To, madalla," ya ce.

Ranar Asabar da safe, rana ta huɗu, na tarar da dawar jiya da yamma ya bar rabi a daro. Gunya bai yi mini haniniya ba. Yana tsaye ya ware ƙafafu, yana juya kai yana duban cikinsa. Na duba ƙasa, ba kashi sabo ko ɗaya. Na taɓa cikin na ji shi tamau kamar ganga, ga gumi yana tsattsafowa a bayan kunnuwansa tun rana ba ta yi zafi ba. Ina tsaye ya fara kartar ƙasa da kofato, ya lanƙwasa gwiwa zai kwanta.

Na fita a guje ba ko mayafi. Na sami Sama'ila a teburin mai shayi, ya bar kofinsa ya biyo ni. Yana ganin dokin ya ce, "Innalillahi," ya fizgi ragama ya tashe shi tsaye. Ya aika a kawo man gyaɗa da kanwa, maza huɗu suka riƙe kan dokin aka ɗura masa da kwalba. Rabi ya shiga, rabi ya zube a rigar Sama'ila. Suka shiga zagayawa da shi a tsakar gida, daga rumbu zuwa bakin zaure, daga zaure zuwa rumbu. Gida ya cika da maza, kowa da maganin da ya sani.

Daga cikin ɗaki muryar Baba Kanta ke fitowa, siririya, sai ka kasa kunne.

"Kar ku bari shi kwanta. Sama'ila! Kar ku bari shi yi birgima, hanjinshi na murɗewa."

Tsohon ya ce a fito da shi daga ɗaki. Inna Inde ta ce ba inda za shi. Ya yunƙura da kansa ya faɗo daga kan tabarma zuwa bakin ƙofa, sai da aka kama shi aka jingina shi da bango daga ciki, inda ba ya ganin komi sai ƙafafun mutane.

Likitan dabbobi ya iso bayan azahar, don yana wani ƙauye wajen Gabi lokacin da aka kira shi. Ya ɗaga leɓen dokin ya duba dasashi, ya kanga kunne a cikinsa, ya yi masa allura biyu. Sannan ya tambaya me ya ci.  Sama'ila ya nuna masa bayan rumbu. Likitan ya je ya sa hannu a daro, ya murza ƙwaya da farce, ta lotse.

"Wa ke ba shi abinci?"

"Ni ce," na ce.

"Tun yaushe yake cin wannan? Da nawa?"

Na faɗa masa a hankali. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Ya goge hannunsa a wando ya ce wa Sama'ila a ci gaba da zagayawa, sauran na Allah ne.

Ana kiran la'asar Gunya ya tsaya cak, ya ƙi gaba. Jikinsa duka yana ɓari, gumi na zuba ta ƙarƙashin cikinsa. Sama'ila yana ja, wasu na turawa ta baya. Sai ya yi baya-baya ya fizge ragama, ya tafi taga-taga ya faɗi da dukan nauyinsa a jikin bangon ɗakin Baba Kanta. Ƙasa ta zubo daga rufin. Ya yi shure-shure sau uku ko huɗu, ya miƙe wuya. Sama'ila ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa, ƙato da gemu yana kuka kamar yaro. Daga cikin ɗaki ba a ji komi ba.

Ƙofar zaurensu ba ta isa a fitar da mushen dokin ba. Dole aka kwance darnin da ke tsakaninmu, aka kawo shanun huɗa biyu aka ɗaura masa igiya a ƙafafun baya, aka ja shi ta tsakar gidana, ta gaban turmina, ta kan shanyar dawar da na ba shi. Kansa yana bugun ƙasa, bakinsa a buɗe. Aka fita da shi ta ƙofata aka nufi fako bayan tabki. Matan da ke ce mini sarkin barga suna tsaye a bakin ƙofofinsu suna kallo.

Washegari da safe na yi alwala na shiga wurinsa. Inna Inde ta so ta hana ni, ta ce in bari ita za ta ɗauki laifin. Na ce hannuna ne ya zuba. Na durƙusa a gefen tabarma. Yana kwance rigingine, ƙasar da ta zubo jiya tana nan a kan bargonsa ba a kakkaɓe ba.

"Baba Kanta, ni ce Rakiya. Ni na kashe maka doki. Sabuwa zalla na ba shi, kwana uku, har da ƙari a kai. Kaurar kuwa..."

"Na sha ta," ya ce.

 Ya juyo da kai a hankali.

"Shekara sittin ina tauna hatsi. Ku ce za ku ɓoye mini kaurar gonata cikin tsamiya? Tun ludayin farko na gane." Ya tsaya yana neman numfashi. "Na riƙe shi a baki, na ce in tofar. Yunwa nike ji, ɗiyata. Ban taɓa sanin haka yunwa take ba. Na haɗiye. Na ce gobe in hana. Goben ta zo, Inde ta kawo, na sake buɗa baki."

"Baba, ka yahe mini."

"Da na tambaye ki haƙorinshi, so nike ki yi mini ƙarya. Kin ko yi, na gode." Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shige kunne. "Mi zan yahe miki? Ke kin zuba, ni na ci rabonshi. Tashi ki tahi, surhe na jiranki."

Na fito na zauna a bayan ɗakin na yi kuka har ya ishe ni. Da ya tsine mini da na fi samun sauƙi.

Daga ranar bai sake shan kunu ba. Sa'idu ya ce ciwon ne ya ƙarasa toshe maƙogwaron, haka yake faɗa wa masu zuwa dubiya, kuma wataƙila da gaskiyarsa. Amma ni ina wurin, na ga yadda yake datse leɓɓa in ludayi ya matso. Inna Inde ba ta fasa ba. Kullum da safe sai ta jiƙa, ta daka, ta tace sau biyu, ta dama, ta kawo. Yanzu ko tsamiyar ba ta sawa.

"Tsohon nan, don girman Allah. Dokin ya riga ya tahi. Wa kake bar wa?"

 Sai ta tsoma yatsa a ruwa ta shafa masa a leɓe, wannan kam yana bari.

Sa'idu ya kawo wani ma'aikacin asibiti ya sa masa ƙarin ruwa. Ya soka nan, ya soka can, ya rasa jijiya, ya naɗe kayansa ya ce a yi haƙuri. Sama'ila ya zo sau ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa ya gaishe shi, ya kasa shiga. Ba wanda ya tayar da darnin, gidajenmu suka zama ɗaya, awakina suna shiga barga suna cin ragowar harawa. Na kore su sau biyu, na uku Inna Inde ta ce in ƙyale su.

Ranar Alhamis da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida na ji Inna Inde ta kira sunana, ba da ƙarfi ba. Na shiga na same ta zaune ta tallafo kansa a cinya, ƙwaryar kunu a gefenta tana hayaƙi. Numfashinsa yana fita, ya tsaya, ya daɗe, ya dawo. Na durƙusa ina maimaita masa kalmar shahada a kunne. Leɓɓansa sun motsa, ban san ko ita yake faɗa ba. Ya ja numfashi ɗaya muka jira na bayansa, bai zo ba. Inna Inde ta shafa fuskarsa ta rufe masa ido, ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure masa haɓa. Sai da ta gama sannan ta ce, "To, ya huta," ta fashe da kuka.

Kafin azahar maza sun wanke shi sun yi masa sutura. Ba shi da nauyi, mutum huɗu suka ɗaga makarar kamar ba kowa a ciki. Suka fita da shi ta zaure, muka ji sawunsu ya yi nisa. Mata suka cika tsakar gida a kan tabarmi, wasu na jan carbi, wasu na ƙus-ƙus.

Na shiga ɗakin don in naɗe tabarmarsa, na tarar da Inna Inde zaune a inda na bar ta, ƙwaryar nan a hannunta. Kunun ya yi sanyi, ya kama fata a sama. Ta duba ƙofa, ta duba kwanon wanke-wanke, ta kasa tashi. Can ta miƙo mini.

"Karɓi ki sha, kar shi lalace."

Na karɓa da hannu biyu, na zauna kusa da ita a ƙasa. Na ture fatar da yatsa, na kafa kai, tana kallona har na shanye.